Rabin Ƙyalle

Na iso Bragança a motar asuba,
takardu uku a aljihu, sanyi har cikin haƙori.
Dona Ermelinda, mai tsaron tsofaffin littattafai,
ta miƙo mini farar safar hannu, ta ce,
"Kada ka lashi yatsa kafin ka juya shafi.
Mutanen nan sun sha danshi ya ishe su."

Iyayen Leocádia nake nema,
kakar mahaifiyata, wadda aka ce na gado goshinta.
A gida cewa ake jinin manya ne mu.
Kawu Telmo ya sha rantsuwa da gashin bakinsa
wai ubanta mai gonar inabi ne,
da doki biyu, da agogon zinariya.
Na zo in kai masa agogon nan a rubuce.

Littafin baftisma, bangon fatar akuya,
asu ya cinye watan Maris ɗungurungum.
Limamin cocin da ya rubuta, hannunsa na rawa,
ko tsufa ne, ko ɗari, oho.
Kowane jariri da ayarinsa:
ɗan wane, jikan wance, daga ƙauye kaza,
maƙeri da mai niƙa duk an faɗi sana'arsu.
Kwana biyu yatsana na kiwo cikin garken matattu.

Rana ta uku, ana dab da tashi,
sai ga ta a gindin shafi na tamanin da huɗu.
Leocádia. Sha ɗaya ga Nuwamba, 1871.
Uba: ba a sani ba.
Uwa: ba a sani ba.

Na zauna kamar wanda jirgi ya bari a tasha.

Dona Ermelinda ba ta ce sannu ba.
Ta hau tsani, ta sauko da wani littafin, siriri,
na akwatin nan mai juyawa a jikin bango,
wanda ake ajiye jariri ta waje,
a murza shi ciki, a ja ƙararrawa, a bi duhu.

Ƙarfe biyun dare, in ji magatakarda, ana ruwa.
A kwando ta zo, cikin tsohon siket na ulu,
cibiya ko bushewa ba ta yi ba.
Ga kuma abin, an soke shi da allura a jikin takarda,
allurar ta yi tsatsa, tsatsar ta ci shafi biyu:
rabin ƙyalle shuɗi, bai kai tafin hannu ba.
Ba almakashi ya raba shi ba.
Haƙori ne.

Ɗaya rabin ya tafi da wadda ta ja ƙararrawa,
don ranar da za ta dawo a haɗa baki da baki.
Gurbin ranar yana nan, fari fat,
shekara ɗari da hamsin yana jira.

Sai can a gefe, da wata tawada dabam:
an ba Custódia, matar wani makiyayi a Rebordãos,
ta shayar, ana biyanta duk wata.
Shekara bakwai ta cika, kuɗi ya tsaya.
Aka aika a karɓo yarinya.
Magatakarda, da alama ransa a ɓace,
ya danna alƙalami har takarda ta huje:
"Ta ƙi."

Da magariba na kira Kawu Telmo.
Ya ce, "Dokin fa?"
Na ce babu doki, Kawu, tumaki ne, su ma na wani.
Ya yi shiru, ina jin tukunyarsa na tafasa.
Can ya ce, "Maimaita sunan matar."

Yanzu ga takardar salsala a kan teburin masauki,
reshe biyu a sama, tsirara.
Na uban na bar shi yadda na same shi.
A na uwa na rubuta Custódia da biro.
A ƙarƙashi, da fensir, ƙanana,
yadda duk mai ɗaya rabin zai iya gogewa:
da wata, mai shuɗin zane,
wadda almakashi ma ba ta da shi.